Berenil, Imidocarb ko Doxycycline: Wanne Za a Ba Karen da Ciwon Kaska Ya Kayar?

Duna baƙin kare ne wuluk, irin namu na gida, wanda kawuna ya ba ni tun yana kwikwiyo don ya riƙa yi mini gadin kaji. A shekararsa ta uku, damina ta raba tsakiya, sai na lura ya daina fitowa tarye ni idan na dawo. Na zuba masa ƙanzo da romo, ya sunsuna ya kau da kai. Kwana biyu ana haka. A na uku Kawu ya biyo, tsohon mafarauci ne, ya tsuguna ya ɗaga leɓen karen da babban yatsa. Dasashin da na saba gani jajur ya koma fari fat. Ya juya kunnen, sai ga kaska sun jeru a ciki kamar an shuka su, wasu sun ƙoshi sun yi girman wake.

"Ɗana, jinin wannan ya ƙare," in ji shi. "Kaska ce. Nemo masa allurar shanu."

Ranar kasuwa ce, na tafi layin masu maganin dabbobi. Mai rumfar ya farke wata 'yar leda, ya zazzage rawayen gari a kwalba, ya zuba ruwa ya girgiza. Ya ce, "Malam, karen babba ne?" Na ce matsakaici ne. Ya zuƙi mililita biyu a sirinji ya miƙo mini. Washegari Duna ya ci abinci, har na yi wa Kawu waya ina godiya. Kwana biyu bayan nan ya fara tangaɗi, yana birgima, wuyansa ya sandare ya lanƙwashe baya, ƙwayar idonsa tana rawa. Maƙwabta suka janye yaransu, wai haukan kare ne. A dare na huɗu ya mutu.

Sai daga baya wani likitan dabbobi ya yi mini lissafin a bayan takarda. Mai yiwuwa maganin da na sayo shi ne daidai da cutar, shi ya sa karen ya ci abinci washegari. Awon ne ya kashe shi. Tun daga lokacin na zama mai yawan tambaya a asibitin dabbobi, abin da na tara kuma shi zan baje a nan, don mai kare ya san abin da yake zaɓa idan aka ajiye masa magunguna uku a kan tebur.

Sunan ɗaya, cututtukan daban

Mu duk "ciwon kaska" muke cewa, wasu su ce maleriyar kare. Kaska, raɓi mai jini, tana ɗauke da halittu iri-iri, kuma maganin da ke kashe wannan bai san da zaman wancan ba. Uku ne suka fi damun karnukanmu.

Ta farko Babesia, wadda ta ci sunan Victor Babes, likitan ƙasar Romaniya da ya gano ta a jinin shanu a 1888. Tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa ta fasa su, kamar dai yadda maleriya ke yi wa mutum. Shi ya sa dasashi ke fari, saifa ta kumbura, fitsari ya koma kalar shayi ko zoɓo, wani lokaci ido da dasashi su yi rawaya irin na shawara. Iri biyu ne manya a yankinmu. Babesia vogeli, wadda jar kaskar gida ke yaɗawa, tana da sauƙi a jikin babban kare, 'yan kwikwiyo ta fi wahalarwa. Babesia rossi kuwa, ta Afirka ce kudu da Sahara, wata kaskar daji mai rawaya-rawaya ke kawo ta, kuma ita ce mafi muni a duniya. Tana iya kayar da ƙaton kare cikin kwana biyu ko uku, ta taɓa ƙoda, huhu, har ƙwaƙwalwa. Karen farauta da ke kutsa ciyawa da na Fulani da ke bin garke sun fi haɗuwa da ita.

Ta biyu Ehrlichia canis. Wannan bakteriya ce, a fararen ƙwayoyin jini take ɓuya. A Aljeriya aka fara gano ta a 1935, amma duniya ba ta san zafinta ba sai a yaƙin Biyetnam, inda ta hallaka karnukan sojan Amurka masu yawa, akasarinsu irin Alsheshan ɗin nan da ake sayowa don gadi. Har yau wannan irin ya fi kowa shan wuyarta. Aikinta rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini, don haka babbar alamarta zubar jini: haɓo, jajayen ɗigo-ɗigo a dasashi ko fatar ciki, jini a cikin ido. Tana da makirci. Kare zai yi zazzaɓi na mako biyu zuwa huɗu, ya warware kamar ya warke, cutar ta kwanta a saifa watanni ko shekaru, sannan a wasu karnukan ta dawo ta kashe ɓargo. Idan aka kai nan, magani ba ya cika yin tasiri.

Ta uku Hepatozoon canis, wadda ba cizo ke kawo ta ba. Kare ne ke haɗiye kaskar lokacin da yake gatsar jikinsa yana susa. Yawanci tana zaune lafiya da mai ita, sai jiki ya yi rauni take nuna kanta da rama da kasala. Wani bincike da masana na cibiyar binciken dabbobi ta Vom suka fitar a 2013 a kan karnuka 181 ya sami Hepatozoon a jikin kusan kashi 41 cikin ɗari, Ehrlichia a kusan kashi 13, Babesia rossi kuma ƙasa da kashi 7. Abin lura a nan shi ne wadda ta fi yawa ita ce mafi sauƙi, wadda ta fi ƙaranci ita ke kisan gaggawa. Kuma tunda kaska ɗaya na iya ɗaukar fiye da cuta ɗaya, ba abin mamaki ba ne a sami biyu a jikin kare guda.

Berenil: mai arha, mai sauri, mai ƙaramar ƙofa

Sunan sinadarin diminazene. Kamfanin Hoechst na Jamus ya fito da shi a 1955, kuma duk mai shanu ya san shi a matsayin maganin sammore. Berenil sunan kasuwa ne da kamfanin ya ba shi, akwai Veriben da wasu da yawa, duk abu ɗaya ne a cikin ledar.

Ba zan zage shi don ya kashe mini kare ba. A kan manyan Babesia, wato irin su vogeli da rossi, yana aiki, kuma da sauri: allura ɗaya, cikin kwana guda zazzaɓi ya sauka. A Afirka ta Kudu, inda Babesia rossi ta fi addabar karnuka, likitoci sun shafe shekaru da dama suna dogara da shi. Yana ko'ina, kuɗinsa kaɗan, ba ya buƙatar firij kafin a haɗa shi. Yana da wata fa'ida kuma da sauran biyun ba su da ita: yana kashe sammoren kare. Karen da ya je farauta yankin ƙudan tsando ya dawo da zazzaɓi, idonsa ya yi fari-fari kamar hazo, likita zai fi karkata ga diminazene.

Matsalar tana cikin lissafi. Ƙaramar ledar nan mai giram 2.36 tana ɗauke da giram 1.05 na maganin, an auna ta ne don sa mai kilo 300. Ana narka ta a ruwa mililita 12.5, ta ba da mililita 15. Awon kare miligiram 3.5 ne a kowane kilo, wato mililita ɗaya ga kilo 20. Duna bai wuce kilo 15 ba, rabonsa kashi uku cikin huɗu na mililita ɗaya, kashi ɗaya cikin ashirin na ledar. Mililita biyun da aka zuƙar mini sun kusa ninka rabonsa sau uku. Saniya za ta iya shanye irin wannan kuskure, kare ba zai iya ba. Masu raƙuma sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa barin Berenil ya kusanci raƙumi.

Idan ya yi yawa, jini yake tsattsafowa a ƙwaƙwalwa. Alamun suna fitowa bayan kwana ɗaya zuwa uku: tangaɗi, birgima, sandarewar ƙafafu, rawar ido, farfaɗiya. Ba shi da makari. Akan ma sami ɗaiɗaikun karnuka da ke gamuwa da haka ko da an auna daidai. Sannan maganin yana daɗewa a jiki, don haka ƙa'idar likitocin Afirka ta Kudu ita ce kada a maimaita shi kafin kwana 21. Kuskuren da aka fi yi ke nan bayan na awo: an yi allura jiya, yau kare bai tashi ba, sai a ce bari a ƙara masa. Wannan ƙarin shi ke binne shi. In ka canza likita, abu na farko da za ka faɗa masa shi ne ranar da aka yi allurar da yawanta, ko da kana jin kunyar ka ce a kasuwa ka sayo.

Wani abu kuma, diminazene ba kullum yake share Babesia kakaf ba. Yakan rage ta har jiki ya fi ƙarfinta. Wasu likitoci na ganin wannan alheri ne ga karen da ba zai rabu da kaska ba, don ragowar na riƙe masa da garkuwar jiki. Wasu na ganin ajiyar matsala ce. A kan Ehrlichia kuwa ba ya taɓuka komai.

Imidocarb: mai zafi, mai faɗin ƙofa

Wannan ruwa ne a kwalba, an fi sanin sa da sunan Imizol. Awon da aka saba miligiram 6.6 a kowane kilo, a tsoka ko ƙarƙashin fata, a maimaita bayan kwana 14. Ba a yin sa a jijiya.

Ranar farko da na ga an yi wa kare shi na tsorata. Karen ya ƙwalla ƙara, don allurar tana da raɗaɗi. Minti kaɗan sai dalala ta fara zuba, ido na hawaye, ya yi amai. Na dubi likitan, ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, wannan halinsa ne." Gaskiya ya faɗa, kafin awa biyu komai ya lafa. Likitoci da yawa kan riga su yi allurar atropine don a rage wannan dalalar. Bambancinsa da Berenil ke nan: illar imidocarb tana fitowa nan take a gaban likita, tana wucewa, kuma tana da makari. Ta Berenil sai ka koma gida ka yi godiya sannan ta zo.

Kada dai a ɗauka ba shi da haɗari. In ya yi yawa yana lalata hanta da ƙoda, kuma karen da ƙodarsa ta riga ta taɓu sai an yi masa a hankali. Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Mutum in ya ga kaska ta cika karensa, abu na farko da hannunsa ke kaiwa shi ne fiya-fiya ko Sniper, ya tsarma ruwa ya wanke kare. Wannan gubar da imidocarb hanya ɗaya suke bi a jiki, in suka haɗu illar ninkuwa take. Wanke kare da fiya-fiya dama ganganci ne ko ba allura, amma in ka riga ka yi, gaya wa likita kafin ya zuƙi magani.

Inda ya fi Berenil: yana share manyan Babesia sosai idan aka yi allura biyun, yana ba da 'yar kariya ta makonni bayan nan, kuma shi ake amfani da shi a kan Hepatozoon, ana maimaitawa duk kwana 14 har ta daina bayyana a jini, ko da yake ba ya cika kawar da ita gaba ɗaya. Inda ya gaza: ya fi tsada, ba kowane gari ake samun sa ba, kuma sai ka koma bayan mako biyu, abin da masu kare da yawa ba sa yi da zarar kare ya fara kaɗa bindi. A da ana cewa yana maganin Ehrlichia, har yau za ka ji masu faɗar haka, amma gwaje-gwajen baya sun nuna ba ya kawar da ita.

Akwai ƙaramar Babesia mai suna gibsoni, asalinta Asiya, wadda aka fi samu a karnukan faɗa irin su fitbul, har ta cizon juna take yaɗuwa. Ita ba Berenil ba imidocarb, duk rage ta kawai suke yi. Maganinta haɗin atovaquone da azithromycin na kwana 10, mai tsada da wuyar samu. Mai karen gida bai cika buƙatar sanin wannan ba, mai sayen karnukan waje ne ya kamata ya riƙe.

Doxycycline: ba allura ba ne, haƙuri ne

Wannan shi ne maganin Ehrlichia, ba shi da abokin takara. Miligiram 10 a kowane kilo sau ɗaya a rana, ko a raba biyu safe da yamma, har kwana 28. Ƙwaya ce da ake samu a kowane kemis, kuɗinta ba ya karya mutum, kuma cikin ukun ita ce mafi sauƙin illa. Amai ne babbar damuwarta, a cusa ta cikin loma ta tuwo ko nama, a bi da ruwa don kada ta maƙale a maƙoshi.

Kwana 28 ɗin ne wahalar. Cikin kwana ɗaya ko biyu kare ke miƙewa, ya ci ya yi haushi, mai shi ya ga ai an gama. A kwana na biyar sai a jefa sauran ƙwayoyin a lungu. Cutar ta koma saifa ta kwanta, bayan shekara kare ya fara haɓo, a ce sabuwar cuta ce. Ni dabarata ita ce in sayi na kwana 28 gaba ɗaya a rana ɗaya, in rataye kusa da butar alwalar asuba. Abin da na riga na biya kuɗinsa ba na iya barinsa.

Abu biyu da ake yawan haɗa shi da su suna rage masa ƙarfi. Na farko maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, wanda kowa ke gaggawar ba kare mai farin dasashi. Ƙarfe na riƙe doxycycline a hanji ya hana shi shiga jini, don haka a raba su da awanni, wannan da safe wancan da yamma. Madara ma gara a nisanta ta da lokacin shan ƙwayar. Na biyu ba haɗi ba ne, musanya ce: allurar oxytetracycline ta shanu, wadda ake kira mai dogon zango. Dangi ɗaya ne da doxycycline, shi ya sa kare kan ji sauƙi, amma tana ƙona tsoka, kuma allura ɗaya ko biyu ba za su tsaya a madadin mako huɗu ba. Karya mai ciki da ƙananan 'yan kwikwiyo kuwa, likita ne zai yanke hukunci.

A kan Babesia mai tsanani doxycycline shi kaɗai ba ya ceto. Karen da fitsarinsa ya koma zoɓo, ka tsaya ba shi ƙwaya kana jira, jininsa ne ke tsiyayewa.

To, wanne?

Amsar tana cikin ɗigon jini ɗaya. Likita zai tsaga gefen kunne, ya shafa jinin a gilashi, ya rina shi ya duba a madubin likita. Babesia takan fito ƙarara, biyu-biyu a cikin jar ƙwaya kamar 'ya'yan kankana. Aikin minti ashirin ne, kuɗinsa bai kai na buhun abincin kare ba. Ehrlichia ce ke da wuyar gani ta wannan hanya, sai dai a ƙirga ƙwayoyin daskarar da jini a ga sun faɗi, ko a yi gwajin nan na ɗan faranti irin na maleriya. Shi ma gwajin farantin yana nuna kare ya taɓa haɗuwa da cutar ne, ba lallai ita ke damun sa yau ba. Asibitocin koyarwa na jami'o'i irin su na Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna yin waɗannan gwaje-gwaje, haka ma asibitocin dabbobi da dama a manyan birane.

Idan an ga Babesia kuma akwai imidocarb, shi nake zaɓa, ko da ya fi tsada, don illarsa ta nan take tana da makari. Idan babu sai diminazene, ba na ƙi, amma da sharaɗi uku da ba na sassautawa: a ɗora karen a sikeli, likita ko malamin dabbobi ya auna da ƙaramin sirinji mai mililita ɗaya, kuma ba ƙari kafin mako uku. Auna kare ba wuya. Ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa rungume da shi, ka cire. In a ƙauye ne, a sa shi a buhu a rataya a sikelin masu hatsi. "Matsakaici" ba awo ba ne, ni na biya kuɗin sanin haka.

Idan alamun zubar jini ne suka fi yawa, haɓo da ɗigo-ɗigo, musamman a Alsheshan, doxycycline ne. Idan kuwa ba halin gwaji, ko an ga Babesia amma ana zargin ba ita kaɗai ba ce, abin da likitoci da yawa ke yi shi ne haɗawa: allurar Babesia ɗaya daga cikin biyun, da doxycycline na kwana 28 a kai. Abin da ba a yi shi ne Berenil da imidocarb a rana ɗaya don a tabbatar.

Akwai lokacin da zaɓin magani ba shi ne abin dubawa ba. Jinin lafiyayyen kare, in aka auna kaurinsa, jajayen ƙwayoyi kan kai kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari. In ya sauko wajen 15, kare na haki yana kwance, ba ya iya ɗaga kai, to ko an kashe cutar duka yana iya mutuwa kafin ɓargo ya ƙera sabon jini. Wannan ƙarin jini yake buƙata daga wani lafiyayyen kare, da ƙarin ruwa, kuma a asibiti kawai ake yi. Zafin jikin kare na lafiya digiri 38 zuwa 39 da ɗan ɗoriya ne. In ya haura 40 cuta ce, in kuma ya faɗi ƙasa da 37 a karen da ke kwance, wannan ya fi zazzaɓin ban tsoro.

Magungunan mutane kuwa a bar su a ɗaki. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su taɓa ƙoda, balle karen da jininsa ba ya daskarewa. Farasitamol na iya ƙara lalata jinin da ya rage. Maganin maleriya na mutane ma, duk da kamannin cututtukan, ba abin dogaro ba ne a nan. Sannan karen da ke tangaɗi yana abin da bai saba ba, ko kana zargin Berenil ne ko Babesia ce ta hau kai, a ɗaure shi a nisanta yara har likita ya gani, don da ido ba a raba su da haukan kare. Maƙwabtana ba su yi laifi ba da suka janye 'ya'yansu.

Bayan an warke

Duk ukun ba wanda ke hana kare sake kamuwa. Jar kaskar gida a bango take zama, cikin tsaguwar siminti da ƙarƙashin buhun da kare ke kwanciya. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai wajen 4,000, kuma Babesia na bi ta cikin ƙwan zuwa 'ya'yan. Wanda ya wanke kare ya bar ɗakin karen ya yi aikin banza. A toshe tsagogi, a ƙone tsohon shimfiɗi, a yi feshi a bango har sama, don kaskar nan hawa take yi.

A jikin karen kuma, zaɓin ya danganta da cutar da kake tsoro. Babesia sai kaska ta yi kwana ɗaya zuwa biyu a manne kafin ta wuce jini, Ehrlichia kuwa cikin 'yan awanni. Ƙwayoyin taunawa na zamani, NexGard da Simparica na wata-wata da Bravecto mai kai wata biyu zuwa uku, suna kashe kaska bayan ta ciza, saboda haka sun fi ƙarfi a kan Babesia. Wanka ko ruwan sama ba ya rage su, abin da ya sa suka dace da karen farauta, sai dai tsada, kuma ana kaffa-kaffa da su a karen da ke da farfaɗiya. Abin wuya irin Seresto, mai kai wata takwas, da maganin ɗigawa a ƙeya mai permethrin, suna korar kaska tun kafin ta kafa baki, wanda ya fi amfani a kan Ehrlichia. Permethrin dai guba ce ga kyanwa, gidan da ke da mage a kula. Wankan amitraz shi ne na talaka, yana aiki in an tsarma shi bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba, amma sai an riƙa maimaitawa, kuma ba a kusantar da shi ga doki. Baƙin mai da kananzir ƙona fata kawai suke yi.

Karyar da nake da ita yanzu jikar wata karyar Kawu ce. Bara da damina ta ƙi abinci, na ɗaga leɓenta na ga dasashi ya fara kodewa, a ranar na sa ta a bayan mota. Kilo 17 sikeli ya nuna. Likitan ya kira ni na leƙa madubin da idona, na ga abubuwan biyu-biyu a cikin jajayen ƙwayoyin. Aka yi mata imidocarb, ta yi dalala a kan takalmina, muka koma bayan kwana 14, ta kuma shanye ƙwayoyinta na doxycycline na kwana 28. Da na ba Kawu labari ya daɗe yana jinjina kai, sannan ya ce shi a zamaninsu ba a auna kare. Makon da ya wuce ya aiko yaro aron sikelina.